Ɗankwalin Inna a Gindin Ɗorawa

Innata ba ta ɗaura ɗankwali. Duk wanda ya je ƙauyenmu, can ciki idan an sauka daga kwalta a Dayi, zai ga wata tsohuwa doguwa da furfurarta a fili, a rijiya haka, a coci haka, a gidan biki ko na makoki haka. Baƙi kan ɗauka taɓin hankali ne. Matar sabon fastonmu har ta taɓa sayo mata wani mai kyau ta kai mata gida. Inna ta yi godiya ƙwarai, ta ninke shi, ta rufe ƙwaryar daddawa da shi. Ni ɗiyarta ce, a gabana abin ya faru, kuma na gaji da jin ana cewa tsufa ne.

A wajenmu wanda ya sayi gona, ƙasa ya saya. Itacen da ke tsaye a cikinta yana da nasa mai shi, kuma galibi mace ce. Haka muka taso muka tarar. Mutum zai noma dawarsa har gindin ɗorawa, ya ci inuwarta, ya rataye gorar ruwansa a reshenta, amma 'ya'yanta na wata tsohuwa ne a can wata unguwa, kuma ba ya ko ɗaga kai ya dube su. Ita ma mai itacen ba ta da ikon taɓawa sai sun nuna, mai unguwa ya sa an yi shela an saki ɗorawa. Ranar nan ƙauye kan watse, mata da gora mai ƙugiya, kowa bakinsa rawaya da gari.

Ɗorawar Inna tana tsakiyar gonar gidanmu. Kakata, uwar Baba, ita ta ba ta ranar sunan yayana, ɗanta na fari. Itaciya ce da mutum biyu ba sa rungume ta. Daga 'ya'yanta Inna ke fitar da kalwa, ta dafa, ta surfa, ta wanke a rafi, ta rufe ta ruɓa, ta daka ta yi daddawa. Warin nan da yara a makaranta ke tsokanata da shi, shi ya kai ni makarantar, shi ya saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi a Funtua har yau. Ɓawon ma ba a zubarwa, da shi ake jiƙa makuba a yi daɓen ɗaki.

Akwai kuma abin da ke tsare itace idan wani ya zo da gatari. Mai itacen za ta kwance ɗankwalin kanta a gaban mutane ta ɗaura a gindin. Shi ke nan. Namijin da ya sari itace mai ɗankwali, matar ya sara, kuma ba shi da sauran zama a cikin maza. Ina ƙarama na ga wani maƙwabcinmu masassaƙi ya wasa gatarinsa zai kada kaɗanyar wata gwauruwa ya yi turmi. Ta zo tana ɗingishi, ta kwance wani tsumman ɗankwali duk maiƙo ta ɗaura. Ƙaton nan ya tsaya yana susar ƙeya, ya saɓa gatarinsa ya koma gida, aka yi ta masa dariya har damina. Musulmi sun san wannan, mu Kirista mun san shi, Fulanin da ke sassabe rassa su ba shanu da rani ma sun san shi.

Bayan rasuwar Baba, ƙanensa, Baffa, ya sayar da gonar. Ba zan zage shi a nan ba, na riga na zage shi a gabansa. Wanda ya saya wani Alhaji ne mai sayen hatsi a Funtua, yana son fili shimfiɗe da tarakta za ta bi ta yi masara. Da aka zauna ciniki a gaban shaidu, ba wanda ya ambaci ɗorawa. Ba ɓoyewa aka yi ba. A kan mutanenmu abu ne da ba ya buƙatar faɗi, kamar a ce da mai saye ba a haɗa masa da rijiyar gari ba.

Na je gida hutun Ista a shekarar. Ɗorawa ta yi 'ya'ya kamar ta karye, sun fara ja amma ba a yi shela ba tukuna. Na kai wa Inna ɗinkin ankon matan coci, atamfa shuɗiya mai zanen kifi, kuma ni na yanka ɗankwalin da hannuna na kalmashe bakinsa. Ta ɗaura tun kafin ranar, wai tana gwadawa. Tsohuwar nan akwai son gayu, ko da ta musa.

Da hantsi muna tsakar gida tana talge, sai muka ji kukan inji daga gabas. Ba na niƙa ba ne, injin yanka itace ne, irin mai sarƙa, wanda masu gawayi suka cika yankinmu da shi a shekarun nan. Inna ta tsaya da muciya a hannu ta kasa kunne. Sai ƙasa ta girgiza, wani abu ya faɗi.

"Daga gonarmu ne," in ji ta. Har lokacin gonarmu take cewa.

Ta jingine muciyar ta fita, na bi ta da silifas. Da muka isa sun riga sun kada ɗinyar da ke kan iyaka da wata kaɗanya. Akwai wakilin Alhaji, mai farin tabarau da waya a kunne. Akwai masu inji, samari baƙi da Hausarsu ba irin tamu ba. Akwai kuma 'yan banga da aka ɗauko daga wani gari, da gorori, ɗaya da bindigar toka. Babbar mota na tsaye a bakin hanya. Ɗaya daga masu injin, siriri mai jar riga, ya riga ya nufi ɗorawar yana share ciyawar gindinta da ƙafa.

"Sannunku da aiki, samari," in ji Inna, a natse. "Waɗancan masu su za su zo su yi magana da ku. Wagga tawa ce."

Wakilin ya sauke wayar. "Mama, Alhaji ya sayi gonar nan. Kuma ofishin daji ya ba shi izinin sara."

"Ofishin daji ya shuka ta?"

"Mama, doka ce. Abin da ke cikin gona na mai gona ne."

"Dokar wane gari? Yaro, tun ba a haifi Alhajinka ba ake sauke ɗorawar ga."

Ya yi 'yar dariya ya mai da wayar kunne. Inna ta kai hannu ƙeya ta kwance ɗankwalin. Tunda nake ban taɓa ganin kan uwata a buɗe a gaban maza ba, sai na ji kunya ta kama ni har na sunkuyar da kai. Ɗankwalin bai isa ya zagaye gindin ba, sai ta maƙala shi a wani kututturen ɓawo daidai ƙugu, ta ja gefe biyun ta ƙulle a wani, ta gyara masa zama yadda kifayen za su fito sosai. Ta kakkaɓe hannunta.

"Mu tafi," ta ce mini. "Talge zai kama."

Ta juya musu baya ta kama hanyar gida. Ni ma na juya. Ina so a gane wannan: ni da nake zaune a birni, nake jin labarai a rediyo kullum, ban yi shakka ko kaɗan ba. A raina magana ta ƙare. Har na fara tunanin yadda zan ba da labarin wakilin nan da tabaransa a shago.

Ba mu kai kan iyaka ba injin ya tashi.

Na waiga. Mai jar rigar ya ɗora sarƙar daidai kan ɗankwalin, ina jin don ya ga wurin ya fi masa daidai da tsayinsa. Sarƙar ta cafke atamfar ta yage ta, injin ya shaƙe ya mutu. Ya yi tsaki, ya zaro tsumman daga haƙoran injin, ya jefar a ƙasa, ya taka ya gyara tsayuwa ya sake ja. Ba da gayya ya yi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Bai ma san ya yi wani abu ba.

Ban san Inna na iya gudu ba sai ranar. Ta wuce ni, ta cakumi rigarsa ta baya tana ihu da wata murya da ban san ta da ita ba. Ya mangare ta da gwiwar hannu ba tare da ya duba ba. Ta faɗi ta bugi saiwa da baki, jini ya wanke mata haɓa.

Yayana yana sharar gonarsa a kusa, kukan injin ya jawo shi. Mutum ne mai sanyi, shi ke kaɗa ganga a coci, ko akuya ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Ya fito daga cikin karan da adda a hannu, ya ga uwarsa a ƙasa kai ba ɗankwali, baki jina-jina, ya ga shuɗin tsumma ƙarƙashin takalmin baƙo. Ya zo da gudu ya sauke addar a kafaɗar yaron nan. Na ji ƙarar, kamar an sari ɗanyen rake.

Yaron ya kurma ihu ya juyo, injin na hannunsa yana ci. Yaya ya ɗaga hannun dama ya kare fuskarsa. Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawar ido ba. Jini ya fesa a jikin itacen, ya fesa a fuskata. Na ga yatsunsa a cikin ƙura, na ga ɗaya yana motsi.

Duk da haka 'yan bangan ba su ƙyale shi ba. Suka rufe shi da gora yana durƙushe, a baya, a kai, a haƙarƙari, suna cewa ɗan ta'adda ne. Idona ya rufe. Na ɗauki dutse da hannu biyu na maka wa ɗaya a ƙeya, ya tafi luu ya zube. Wani ya shaƙe ni ta baya, na kafa masa haƙora a damtse har na ji gishirin jininsa. Ya kwaɗa mini mari da ya sa kunnena na hagu yake kuka har yau. Ban yi nadamar dutsen ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi a kai.

Ihun ya tara gari. Maza suka fito da fartanya da sanduna, Musulmi da Kirista ba mai tambayar wani, Fulanin rugar bayan rafi ma suka iso. Duwatsu suka fara sauka. Mai bindigar ya harba, harsashin ya watsu a cinyar wani dattijo, limamin unguwar yamma, da ya zo rabo. Nan fa abin ya ɓaci gaba ɗaya. Aka farfasa gilashin motar, aka cinna wa tayoyinta wuta, aka kama wakilin aka yi masa dukan kawo wuƙa, tabaran nasa a tattake. Sauran suka ja yaronsu mai jar riga suka ranta a na kare ta cikin gonaki.

Wata tsohuwar Bafulatana ta yagi bakin zanenta ta ɗaure wa Yaya damtse da ƙarfi. Aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu har bakin kwalta, daga nan mota ta kai mu asibiti a Funtua. Inna na riƙe da kansa a cinyarta duk hanyar, leɓenta a kumbure, tana ta cewa, "Na ɗaura fa. Kun ga na ɗaura." Likita ya ce abin da ya rage na hannun ba zai gyaru ba, aka yanke daga wuyan hannu. A gadon da ke can ƙarshen ɗakin aka kwantar da mai jar rigar. Shi ma hannun bai sake ɗaguwa ba. Uwarsa ta zo daga nesa, wata 'yar ƙanƙanuwar mata da ba ta san kowa ba, kuma a kwanonmu ta riƙa cin abinci, don Inna ta ce ba za ta iya hadiya tana kallonta ba. Ni dai ban taɓa gaishe ta ba.

Muna asibiti aka koma da ƙarin mutane da jami'an tsaro, aka kama samarinmu da dama, aka ƙarasa itacen. Da muka dawo gida sai muka tarar da fili fetal, rana na dukan wurin da ban taɓa ganin ta taɓa ba. An sassare ɗorawar an tara an rufe da ƙasa, tudun gawayi na ta hayaƙi. 'Ya'yan da ba su gama nuna ba suna warwatse, awaki na ci. Inna ta zagaya kututturen, ta tona ƙura da ƙafa, ta tsinci ɗankwalin gida biyu, baƙi ƙirin da man inji da jini. Ta ƙulle a bakin zanenta. Daga ranar ba ta sake rufe kanta ba.

An yi zama a gaban hakimi. Wani lauya ɗan cocinmu ya yi mana bayani cewa al'ada tana da matsayi a shari'a idan akwai shaidu, amma izinin da Alhaji ya samu shi ma yana da nasa, kuma ko an ci nasara abin da za a ba Inna kuɗin katako ne. Katako! Alhajin da kansa ya zo, dattijo ne mai magana a hankali, kuma na so ƙwarai in same shi mugu amma ban samu ba. Ya ce wallahi da an faɗa masa da bai taɓa ɗorawar ba, ko kuma da ya saye ta daban. Baffa ya fashe da kuka a gaban jama'a yana cewa, "Ranka ya daɗe, wa ake faɗa ma wannan? Wa bai sani ba?" A ƙarshe aka ce kowa ya yi haƙuri, an ji wa kowane ɓangare, a saki samari, a bar magana. Aka shafa fatiha, fasto ya yi addu'a, aka tashi.

Masu gawayi kuwa sun gane cewa ɗankwali tsumma ne kawai. Kafin damina biyu itatuwan da suka faɗi a yankinmu ba su ƙirguwa, wasu da izini, wasu da tsakar rana ba izinin kowa. Daddawa ta yi tsada a kasuwar Dayi, rafin da muke wanke kalwa ya fara ƙafewa da wuri. Sai a lokacin manya suka farka. Dagaci da liman mai ɗingishi da fasto da arɗon Fulani suka zauna suka yi yarjejeniya: duk cinikin gona sai an ambaci itatuwan ciki da bakin masu su a gaban shaidu, ba a kada ɗorawa ko kaɗanya mai rai, kuma gari ne zai tsare, wanda ya ji inji ya yi kururuwa. Hakimi ya sa hannu, ofishin daji ya amince. Abu ne mai kyau, ban hana ba, kuma yana aiki daidai gwargwado. Haushina ɗaya, sai da aka biya da hannun yayana.

Aka sa ranar ƙaddamarwa a gindin wata babbar ɗorawa kusa da makarantar firamare. An kafa rumfa, an kawo lasifika, baƙi sun zo daga Malumfashi. Wani ya kawo shawarar a farfaɗo da al'adar ɗankwali a matsayin alama, kuma Inna ce za ta fara ɗaurawa, tunda a kanta abin ya soma. Aka sayo sabo fil a leda. Ban ɓoye ba, na yi murna. Na ɗauka za a mai da mata da wani abu.

Aka kira ta, ta taso a hankali da furfurarta a rana. Mai gabatarwa ya miƙa mata ledar da hannu biyu. Ta dube ta, ba ta karɓa ba.

"Mi zan yi da wanga?"

"Ki ɗaura ma itacen, Mama, kamar yadda iyaye ke yi."

"Iyaye ba daga leda suke fiddo shi ba. Daga kai ake kwance shi, da zufar mai shi a jiki." Ta shafa kanta. "Ni ko kun ga nawa kan."

Lasifikar ta kai maganar har bayan makaranta. Mai gabatarwa na tsaye da leda a hannu bai san inda zai ajiye ba. Can sai Bafulatanar nan da ta ɗaure wa Yaya hannu ta taso, ta kwance nata mayafin kai ta ɗaura. Aka yi tafi, aka ci gaba da jawabi. Inna ba ta tsaya ji ba, ta bi ta gefen rumfa ta nufi gida, na bi ta.

Muka tarar da Yaya a zaune a ƙofar gida yana fama da igiyar akuya, ya danne gefe ɗaya da dungulmin hannun, ya kama ɗayan da haƙori yana son ya ƙulla. Inna ta tsuguna ta ƙulla masa, ta shige ɗaki. Na bi ta, na same ta zaune a bakin gado ta baje gida biyun ɗankwalin a cinyarta. Ta wanke su tuntuni, kifayen sun koɗe amma suna nan.

Na ɗauki ɗaya na duba bakin yagar da idon sana'a. Sarƙar ta cinye kamar faɗin yatsa biyu, amma sauran lafiya lau.

"Inna, ki ba ni in tafi da shi shago. Zan haɗa maki shi yadda ba mai gane an taɓa yanka shi."

Ta karɓe daga hannuna, ta haɗa su ta ninke.

"Na san kin iya, ɗiyata," in ji ta. "Ki fara da hannun yayanki. In kin haɗa mashi nashi, ki zo ki ɗauki wanga."

Ta tura shi ƙarƙashin matashi, ta fita ta hura wuta. Daddawar da ta sa a miyar ranar, ni na sayo ta a kasuwar Funtua.